Kumasi Daga Kan Sirdin Keke

Ana yawan cewa Tamale ce garin keke a Gana, Kumasi kuwa garin trotro ne, wato motocin haya, da hayaƙi da tuddai. Rabin maganar gaskiya ne. Tamale shimfiɗaɗɗiya ce, tsoho da ɗan makaranta da mai goyo kowa na kan kekensa, har hanya aka ware musu a gefen manyan tituna. Sai dai a can keke abin zuwa gona ne da kasuwa. Wanda yake son ya hau keke don daɗin hawan kawai, ya jiƙe da gumi a tudu, iska ta busar da shi a gangara, ya ga ruwa da kurmi tun rana ba ta yi zafi ba, wallahi babu garin da ya kama ƙafar Kumasi a ƙasar nan. Na faɗa, kuma ko a tsakiyar kasuwar Tamale zan maimaita. Tuddan da ake yi wa Kumasi gori da su, su ne arzikinta.

Sirrin yana ga lokaci. Wanda ya fito da keke ranar Litinin da hantsi ya doshi kasuwar Kejetia, shi ya sayi rigima da kuɗinsa, kada ya zo ya ce ni na aike shi. Amma ranar Lahadi, da an sallame sallar asuba, garin nan na 'yan Zango ne. Maƙwabtanmu Kirista suna shirin coci, shaguna a rufe, rabin direbobi na barci, titin da jiya ba a samun wurin aje ƙafa ya koma fili fetal. Tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 9 wata Kumasi ce daban. Raɓa na kan ganye, hazo na kwance a kwari, jemagun nan dubbai da ke wuni a bishiyoyin gidan namun daji kusa da Kejetia suna dawowa daga kiwo, ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar kekenka da waƙar masu gudun motsa jiki da ke wucewa ƙungiya-ƙungiya. A wannan sa'ar ne mutum yake yarda cewa waɗanda suka yi wa Kumasi laƙabi da birnin lambu ba ƙarya suka yi ba.

Ni a wurina babu mafarar da ta kai Race Course. Na san za a yi dariya. Tsohon filin sukuwar dawaki na zamanin Turawa da ya koma kasuwa, wurin da aka riƙa kwaso 'yan tireda da motoci ana jibgewa tun da aka fara sabon ginin Kejetia a 2015, ƙura da rani, taɓo da damina, doya da tumatir da albasa ko'ina, wai nan ne ƙofar shaƙatawa? Nan ne fa. Ka tsaya a bakin Race Course ka duba. Ga Bantama a gefenka, daga nan Sofoline da hanyar Sunyani. Ga Abrepo Junction inda hanyar Barekese take tashi. Ga shataletalen Suame da ya raba hanyar Mampong da ta Techiman. Ga Kejetia a bayanka, wadda ke kai ka Manhyia ko ta kai ka Asafo ka kama hanyar tafkin Bosomtwe. Kowace kusurwa ka juya kan keke, akwai wani abin kirki a ƙarshenta. Mutanen Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Akwatia Line ba su da nisa, 'yan mintoci ne su iso. Ga mai koko da ƙosai ta riga kowa fitowa. Me kuma ake nema?

Sabon shiga kada ya fara da nisa. Ya tafi jami'ar Kwame Nkrumah, wadda kowa ke kira Tech. An buɗe ta a 1952 tana kwalejin fasaha, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, kuma waɗanda suka tsara harabarta, Allah Ya saka musu, ba su yi rowar fili da bishiya ba. Kwalta sumul, inuwa daga wannan bakin zuwa wancan, rafin Wiwi na ratsawa ta tsakiya, ga lambun itatuwa mai gora masu tsawo, ga 'yan tuddai marasa mugunta da za su koya wa ƙafa sauya giya. Uba zai iya zuwa da 'ya'yansa, 'yan mata ma na hawa a nan ba mai sa musu ido. Idan an gama, ga Ayigya Zango a tsallaken titi, a sauka a ci wake da shinkafa mai zafi da yaji. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma makaranta ce ta share fage. Ainihin karatun yana bayan gari.

Owabi ce ta fara sace min zuciya, kuma har yau ba ta mayar ba. Daga Race Course ka bi ta Bantama, ka bar asibitin Komfo Anokye, ka wuce gadar Sofoline da Kwadaso har Abuakwa, ka riƙe hanyar Sunyani zuwa Akropong, sa'an nan ka saki babban titi ka shiga ta Esaase. Da ka saki titin nan sai ka ji kunnenka ya huta. Madatsar ruwan Owabi an gina ta a 1928, ita ta shayar da Kumasi shekara da shekaru kafin a yi ta Barekese, kuma don a kare ruwan ne aka bar dajin da ke kewaye da ita. Wurin bai fi murabba'in kilomita 13 ba, amma abin da ke cikinsa ya fi girmansa. An ƙirga tsuntsaye iri-iri sama da 160 a nan. Akwai birai masu leƙo mutum daga reshe su ɓace. Tun 1988 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, kuma shi kaɗai ne a Gana da ba a bakin teku yake ba. Sauran duk suna can kudu inda ruwan gishiri yake. Wannan namu ne, a bayan gida, kuma da yawan 'yan Kumasi an haife su sun tsufa suna shan ruwansa ba su taɓa ganin inda yake fitowa ba!

Ka jingine keke ka bi ma'aikacin gandun ya zaga da kai. Akwai inda gora ta haɗe kai ta sama ta rufe rana gaba ɗaya, ƙasa sanyi ƙalau, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin takalmi. Sai ka fito bakin ruwa ka tarar da shi kwance lumui, farin tsuntsu na tsaye da ƙafa ɗaya a gefe. Abin da ke ɓata min rai shi ne gine-ginen da ke matso dajin ta kowace fuska. Kowace shekara bulo na cin ganye. Wanda zai je ya je yanzu, ya kuma yi magana idan ya dawo.

Hanyar Barekese kuwa ta masu son ƙafa ta yi aiki ce. Daga Abrepo Junction ka wuce Bohyen, hawa da sauka, hawa da sauka, har gidaje su fara sirancewa gonaki su karɓe. A ƙarshenta akwai madatsar da aka soma a zamanin Nkrumah a kan kogin Offin, wadda mafi yawan famfunan Kumasi ke sha daga gare ta. Wurin aikin gwamnati ne, sai da izini ake shiga, amma ni hanyar ce ta dame ni fiye da madatsar.

A irin waɗannan hanyoyi ne ɗan Zango yake haɗuwa da wani abu da ya kamata ya sa shi tsayawa. A tsakiyar gonakin koko, cikin ayaba da gwaza da kwakwar manja, nan da can akwai bishiyar goro. Ita ce dalilin zamanmu a ƙasar nan. Don 'ya'yanta ne fatake suka riƙa taso jakuna daga Kano da Katsina suna wata da watanni a hanya zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fata a kasuwar Salaga, su ɗauki goron da Asante suka kai can daga kurminsu. Bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874 sai Salaga ta suɓuce daga hannun Asante, yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta, kuma bayan 1900 da yawansu suka gangaro har gindin bishiyar, zangon Kumasi ya cika ya batse. Yau ga jikokinsu, an ɗaura aurensu da goro, an raɗa sunansu da goro, amma ka nuna musu bishiyar su ce mangwaro ce. Daga tagar trotro ba za ka taɓa gane ta ba. Daga kan keke kuwa birki ɗaya ne, ka sauka ka gaida mai gona da ɗan yaren Twi da ka iya, ya ɓare maka kwanso ka ga fari da ja a kwance a ciki.

Akwai kuma zagayen masaƙa, wanda nake kai duk baƙon da ya zo mini daga Najeriya ko Nijar in har ƙafarsa na da ƙwari. Ka ratsa Kejetia tun tana barci, ka wuce Manhyia inda gidan da Turawa suka gina wa Sarkin Asante Prempeh na 1 a 1925 bayan dawowarsa daga tsibiran Seshel ya zama gidan tarihi, ka kama shataletalen filin jirgi, Buokrom, Kenyase, Antoa, sai Bonwire. Tun kafin ka ga masaƙa za ka ji su: ƙwas-ƙwas ɗin ƙoshiya daga rumfuna, samari na zaune ƙafa na aiki hannu na aiki, zare ya miƙe zar har tsakiyar fili an danne shi da dutse. Nan ne gidan kente. Mutanen garin suna cewa wasu mafarauta biyu nasu ne suka koyo saƙar daga gizo-gizo a daji. Bahaushen da ya san saƙi da yadda ake ɗinke ƙyalle-ƙyalle siriri ya zama babbar riga zai ga 'yan'uwantaka nan take, sai dai launin nan nasu, rawaya da kore da ja da baƙi, ya fi ƙarfin ido. Daga Bonwire ka gangara Ejisu, garin Yaa Asantewaa da ta ja ragamar yaƙi da Turawa a 1900, aka kai ta Seshel ta rasu a can a 1921. Kusa da nan, a Besease, akwai ɗaya daga cikin tsofaffin gine-ginen ƙasa na Asante da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1980. Ɗakin tsafi ne, mu kallon gini ya kai mu, amma wanda ya san zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya zai daɗe a tsaye gaban wannan bango.

Hanyar Mampong ma haka take jere da sana'o'i, tukwane a Pankrono, sassaƙa a Ahwiaa, tambarin adinkra a Ntonso, har ka kai Jamasi inda dutsen Mampong ya tare gaba ya ce sai jarumi. A wannan yankin ne, a Yonso, kamfanin Booomers yake ƙera gangar jikin keke da gora yana kaiwa Turai, kamar yadda Bernice Dapaah ta yi suna da shirinta na kekunan gora a nan Kumasi. Ka ji fa. Bature na biyan kuɗi mai kauri ya hau gorar Asante a titin Jamus, mu kuwa muna nan muna cewa keke na yara ne da wanda bai samu kuɗin babur ba.

To, duk wannan shimfiɗa ce. Sarauniya ita ce Bosomtwe.

Jama'a, Bosomtwe! Kimanin kilomita 30 ne kudu maso gabas da Kumasi. Ka fita ta Asafo da Asokwa, ka kama hanyar tafki ta Atonsu, Esereso, Aputuogya, Jachie, har Kuntanase. Farkon hanyar ba abin yabo ba ne, gidaje ne da shaguna da 'yan pragya, wato babur mai ƙafa uku, masu shigo maka ba sallama. Ka yi haƙuri da su. Bayan Aputuogya gari zai fara sakinka, daga Kuntanase kuma sai hawa. Za ka yi ta taka feda kana tambayar kanka wai ina ruwan yake, babu alamarsa, tudu ne kawai da kurmi. Kana kaiwa ƙoli sai ƙasa ta buɗe a gabanka. Ruwa ne zagayayye, faɗinsa wajen kilomita 8, kwance can ƙasa, duwatsu kore shar sun kewaye shi ta ko'ina kamar an girke ƙatuwar ƙwarya an zuba mata ruwa rabi. Duk wanda na kai wurin nan, kalmar farko da ke fita bakinsa Subhanallahi ce, ko da kuwa ba mai yawan zikiri ba ne.

Abin da ya haƙa ramin daga sama ya zo. Masana sun tabbatar cewa wani dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya shekara miliyan 1 da 'yan kai da suka wuce, ya fasa ƙasa ya bar rami mai faɗin kilomita 10.5, ƙarfin faɗuwar ya watsa narkakken dutse har cikin ƙasar Kodebuwa, inda aka tsinci gutsattsarinsa. A 2004 masu bincike daga ƙasashe da dama suka kafa injin a tsakiyar ruwan suka haƙo lakar ƙarƙashinsa don su karanta tarihin damina da fari na Afirka ta Yamma, domin tafkin ba shi da mafita: abin da ya shiga ya zauna, shekara kan shekara. Zurfinsa ya kai wajen mita 80. Shi ne kaɗai babban tafki a Gana da ba hannun mutum ya yi shi ba, don Volta madatsar Akosombo ce ta haife shi. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa saboda halittunsu. Asante kuwa nasu labarin daban: wani mafarauci ne ya harbi gada ya bi ta har ta faɗa wani ɗan kududdufi ta ɓace, kuma a al'adarsu nan ne rayukan matattu ke zuwa sallama. Mu da namu imanin, amma mutum ya san ƙasar da yake takawa, ya kama bakinsa.

Gangarar zuwa Abono ita ce ladan duk wahalar da aka sha. Kwana bayan kwana, ruwan na ɓuya yana bayyana tsakanin bishiyoyi, iska na cika riga, keke na roƙon a sake shi. Kada ka sake shi. Ka duba birkinka tun a gida, gaba da baya, ka sa hular kwano, ka riƙa dannawa kana saki don kada ƙarfen taya ya yi zafi, saboda awaki da yara da tasi duk suna da haƙƙi a kwanar nan. Akwai 'yan kuɗin shiga da ake karɓa kafin a sauka, ka riƙe canji a aljihu.

A bakin ruwa za ka ga abin da ba a gani ko'ina. Masunta a nan ba sa shiga kwalekwale. Wani falankin katako suke hawa, suna kiransa padua, su zauna a kai ƙafa cikin ruwa, su yi tuƙi da hannu, su jefa taru daga nan ba su kife ba. Al'ada ce ta hana ƙarfe taɓa ruwan, ko da yake yanzu akwai jiragen inji masu yawo da baƙi. Kifin tafkin ƙanana ne, ana soya su ƙarau a ci da dokunu da barkono, kuma bayan kilomita 30 a kan sirdi babu abincin otal ɗin da zai kamo su. Sai dai a guji ranakun hutun gwamnati, ranar nan Abono ta masu kiɗa ce da shaye-shaye, ba ta mai neman natsuwa ba.

Wanda ke da keken daji mai kaurin taya, kuma ya fito da wuri, ya bar Abono ya kama hanyar da ke zaga tafkin. Ƙauyuka sama da 20 ne a bakinsa, zagayen ya haura kilomita 30, kuma ba duka ba ne hanya. Wani wurin burji ne, wani wurin turbar ƙafa ce cikin gonar koko inda ganye ke shafar kafaɗa, wani wurin dole ka sauka ka saɓa keken a wuya ka tsallake rafi. Yara za su biyo ka da gudu suna ihu. Za ka wuce tabarmin gora da aka baza ƙwayar koko tana bushewa, ƙanshinta mai ɗan tsami ya cika ƙauye. Za ka ga kututturan bishiyoyi tsaye cikin ruwa, shaidar shekarun da tafkin ya cika ya kori mutane suka ja gidajensu sama. Ba sai an zaga duka ba. Ka yi gaba gwargwadon ƙarfinka, ka sami inuwa ka yi alwala ka yi Azahar, ka juyo. Ni dai a duk hanyoyin da na sani, daga nan har Bolgatanga, babu wadda nake sa wa maki goma cif sai wannan.

Sai kuma fita daga ramin. Kowa ya ci zomo ya ci gudu: gangarar da ta ba ka daɗi da safe tana nan tana jiranka da rana, ta koma tudu. A nan ake gane mai giya da marar giya. Tsohuwar Phoenix mai kariya, wadda ta yi wa iyayenmu hidima, ba ta nan ba ce, sai dai a tura ta. Keken da aka shigo da shi na hannu mai giya ya wadatar, ba sai an sayi na miliyoyi ba, in dai mai gyara ya duba sarƙa da birki, kuma an riƙe famfo da kayan faci da ruwa gora biyu. Wanda ƙafarsa ta ƙi, babu kunya, ya yi ciniki da mai tasi a cire tayar gaba a sa keken a but zuwa Kuntanase.

Hanya ɗaya ce ba na yaba wa kowa: babban titin Akkara bayan Ejisu. Tirela da manyan bas ba su san da mai keke ba. Abin takaici, ta nan ake zuwa dajin Bobiri kusa da Kubease, inda aka ƙirga malam-buɗe-littafi iri wajen 400 kuma turbobin cikinsa sun dace da keke matuƙa. Mafita ita ce a ɗora kekuna a mota har Kubease, a sauke su a hau a shiga dajin. Game da lokaci kuwa, ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ya fi mini kowanne: ruwa ya ɗauke, taɓo ya bushe, ganye bai riga ya yi ƙura ba. Da hunturu ya kankama a Janairu hazo na rufe tafkin har ba a hango ɗaya gaɓar, a Yuni kuma turbar zagayen sulɓi ne da ita. Agusta ma ba laifi, akwai ɗan tsagaitawar ruwa da sanyi mai daɗi, sai dai a riƙe rigar leda don hadarin Kumasi ba ya neman izini.